Shaidar Auren Innarku

Zuwa ga ɗana Bubayero,

Bayan gaisuwa, ya Takur, ya Murja da yara? Ni lafiya lau, kwanan masallaci ne ya ɗan taɓa min ƙugu.

Innarku tana gidan yari a nan Jidda har yanzu, kan saƙon da ta riƙo wa wata ba ta buɗe ba. Na roƙa a mayar da ita Najeriya ta ƙarasa wa'adinta kusa da ku, wai sai na kawo takardar aure. Takarda! Shekarar babban fari aka ɗaura mana aure a Buji, gaban jama'a. Baffa Nata'ala kaɗai ya rage cikin shaidu. Kai shi kotu ya rantse, ka aiko min da takardar rantsuwar, Allah ya yi maka albarka.

Sun ce in koma gida in jira. Ai tare muka zo. Gobe da sassafe ina bakin ofishinsu.