Agogon Baba Bai Lalace Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah Ya ƙara muku kwanciyar hankali a inda kuke. Mu a nan sai godiya. Inna ta daina kukan gwiwa tunda ta bar hawa bene, maiɗakina ta koma aiki, ɗiyarmu Auta kuma ta fara haƙori tana cizon duk wanda ya ɗauke ta. Wannan ce takarda ta uku da na fara rubuta miki, biyun farko na yaga su, don ban san ta inda zan ɗauko zancen ba. Ki yi haƙuri idan na bi ta doguwar hanya, kin san halin ƙaninki.

Kina tune da agogunan hannun da nake tarawa, waɗanda ba sa cin batir, har kika laƙaba mini Malam Daƙiƙa. Yanzu sun kai goma sha ɗaya. Kowace safiya nakan murɗa su, in goge gilashinsu, in rubuta a littafina wanda ya yi gaggawa da wanda ya yi nawa. A cikinsu akwai mai farar fuska da na ba Baba shekara huɗu da suka wuce. Shi ba sai an murɗa shi ba. A cikinsa akwai wani ƙarfe kamar rabin wata, duk sanda hannu ya motsa sai ya juya ya ɗaure sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tuƙa agogon. Ranar da na yi wa Baba bayani ya yi dariya, ya ce ashe akwai agogon da ke cin guminsa kamar mu. Kin san hannun kafinta, tsakanin zarto da guduma agogon nan bai taɓa tsayawa ba.

Wata biyar da suka wuce ya fara tsayawa. Na rubuta ranar. Bayan kwana tara ya sake, na rubuta. Daga nan sai duk bayan kwana biyu. Na kai shi wurin mai gyara, wani dattijo da muke kira Ido Ɗaya saboda gilashin da yake maƙalawa a ido. Ya wanke shi, ya sa mai, ya ba ni. Sati bai cika ba ya tsaya. Na mayar, na ce ya canja sifirin, ya canja ba da son ransa ba. A zuwa na uku har na gaya masa magana marar daɗi, na ce ko dai idon nasa ɗayan ma ya gaji. Bai yi fushi ba. Ya ce in bar masa agogon sati guda. Ashe a hannunsa ya ɗaura shi yana ta harkokinsa. Da na koma ya nuna mini yana tafiya daidai, ya cire gilashin daga idonsa, ya ce, "Malam, agogon nan lafiyarsa lau. Mai ɗaura shi ne ya daina motsi. Ka je ka dubi hannun, ka bar duba agogon."

Yaya, daga shagon na wuce wurin aikin Baba, na tsaya a bakin ƙofa bai gan ni ba. Yana zaune a kan benci, katako a gabansa, hannun hagu ajiye a cinya kamar ba nasa ba. Da ya tashi zai ɗauko ƙusa na ga taku gajere-gajere, hannun ba ya lilo. Ƙura ta kwanta a kan zarto. Na tambayi Inna, sai ta sunkuyar da kai, ta ce ita ke saka masa maɓallin riga tun da daɗewa, kuma ya hana ta faɗa wa kowa. Da na dawo gida na buɗe littafina, komai yana nan da rubutun hannuna: ranar da ciwon ya fara, da yadda ya yi ta ƙaruwa, shafi bayan shafi. Kullum sai na kama wuyan hannun nan in karanta lokaci, ban taɓa lura da cewa ni ke ɗaga masa shi ba. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina.

Mun je asibiti. Likita ta ce ciwo ne da ke sandarar da gaɓoɓi a hankali, magani na rage masa gudu amma ba ya korar sa. Ya fara sha, kuma an ga sauƙi, jiya ma da kansa ya riƙe kofi. Amma da na tambaye ta yadda zai kasance nan da shekara biyu, sai ta ce mu yi amfani da wannan shekarar. Na san kin tsara sai aikinki ya ƙare za ki zo, nan da shekara biyu ke nan. Ba ni da bakin da zan ba ki umarni, kuma ni da na kasa ganin abin da ke gabana ban cancanci yi wa kowa wa'azi ba. Roƙo nake yi. Ki zo bana, tun yana iya tashi ya tarye ki a ƙofa da ƙafarsa.

Baba ya hana ni gaya miki, ya ce kina da naki nauyin. Yau da safe ina murɗa masa agogon da yatsa, don yanzu ni ke ciyar da shi, sau talatin kafin in ɗaura masa, na ce masa ba zan iya ci gaba da ɓoye miki ba. Ya zuba wa hannun daƙiƙa ido yana zagayawa. Can ya ce, "To Malam Daƙiƙa, in za ka rubuta, ka ce mata agogo ne ya yi tsegumi, ba ni ba." Sannan ya tambaye ni ko gadon ɗakinki na gida yana nan da ƙarfinsa, wai ya tuna ƙafa ɗaya tana rawa, yana so ya gyara.

Ki gaishe da maigidanki, da babban ɗanki, da takwarar Inna. Inna na gaishe ki, haka Kawu da Goggo da maiɗakina. Gadon kuwa na ce masa ya bari zan kai wa wani, ya ce ba kafintan da zai taɓa masa gadon 'yarsa. Ya fara aikin, a hankali yake yi.

Ni ne ƙaninki mai jiran amsarki,
Malam Daƙiƙa