Irin Furen da Abba Ya Bari a Aljihu

Anbariyya, Madina
14 ga Shawwal, 1419

Zuwa ga Yayata Khalida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Usmanu da jaririyarmu Hidaya, Allah Ya raya ta. Mu nan alhamdu lillahi. Umma ta fita takaba, ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, ƙaninmu Tahir kuma ya koma makaranta.

Yaya, kin san nauyin bakina, ko a waya sai in kasa magana, shi ya sa na ɗauki biro. Kin tuna furen nan da Abba yake tsinko mana a yashin Badr in an yi ruwa, idan ya taso daga gonar dabino? Mai yaɗo a ƙasa, ganyensa da kauri da danƙo har yashi ya manne masa, furanninsa ja-ja a dunƙule kamar 'yar laima, ƙamshinsa ba ya tashi sai la'asar sakaliya. Da nake ninke kayan Abba na sami irinsa guda tara a aljihun jallabiyarsa, ƙunshe a takarda.

Mu mata ba ma shiga maƙabartar Baƙi'a, Tahir kuma ya ce ko shi ba ya iya nuna kabarin yanzu, duwatsu ne iri ɗaya babu suna. Sai na ɗora raina a kan irin nan. Na samo baƙar ƙasa mai taki, na shuka biyar a saman bene, ina ba su ruwa safe da yamma, har da zamzam ɗin da Umma take ɓoyo. A littattafan soyayyar da kike yi mini tsiya a kansu, duk abin da aka tarairaya yana rayuwa. Wallahi Yaya, duka biyar suka ruɓe.

Ran nan Baba Audi, abokin aikin Abba, ya zo gaida Umma. Daga bayan labule na sa Tahir ya tambaye shi. Ya ce ai gata ne ya kashe su, kowane allazi da nasa amanu. A ba shi yashi zalla a gwangwani mai zurfi, don saiwarsa nutsewa take kamar karas. A ɓare ɓawon irin, a ba shi ruwa sau ɗaya, a kau da kai. Kada kuma a sake masa wuri, in saiwar ta karye shi ke nan. Ya ce Abba ma shekara uku yana gwadawa a ɓoye, yana son ya tsirar mana da shi a gida, bai dace ba.

Baba Audi ya aiko da yashin Badr a buhun shinkafa, na shuka biyu. Kwana goma sha shida ina hawa da buta, ina saukowa da ita cike. Ranar Juma'a ɗaya ya tsiro, 'yan ganye biyu, har yashi ya manne musu. Umma da ba ta hau benen nan ba tun rasuwar, ta hau, ta daɗe a tsugune, ta ce Allah Ya jiƙan mai shi.

Sauran biyun na naɗe miki a cikin takardar nan, ki buɗe a hankali. Ba ki samu zuwa jana'iza ba, yashi kuwa ba ya yi muku wuya a Damagaram. In hannunki ya kai ga buta, ki daure.

Ki gaida Yaya Usmanu da Inna Uwa da Gwaggo Raliya. Umma da Tahir suna gaishe ku. Ki sa Abba a addu'a.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Sundus