An Sallame Shi da Rai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can jami'a, na karanta binciken da ka turo mini kan abin da ke kashe jarirai a asibiti. Na karanta shi sau biyu, kuma raina a ɓace yake.

Na gane yadda ka yi lissafin. Ka ɗauki littafin asibitin da na haihu, ka ƙirga kwanakin da kowane jariri ya yi daga ranar da aka kwantar da shi. Wanda ya rasu a gado ka sa shi cikin matattu. Wanda aka sallama ka daina ƙirga masa kwana, ka rubuta cewa ya fita da rai. Daga nan ka zana layi mai kyau, ka ce yawancinsu sun tsira.

To ɗana fa, Yaya? A wane ɓangare ka sa shi?

Ka san an sallame mu a kwana na uku saboda ana buƙatar gadon. Na nuna wa ma'aikaciyar jinya idonsa ya yi rawaya, ba ya kama nono sosai. Ta ce shawara ce, in riƙa fitar da shi hantsi. Muka koma gida Gwiwa. A kwana na biyar jikinsa ya saki, muka hau babur za mu koma asibiti. Ba mu kai Roni ba na ji ya yi nauyi a hannuna, na ce wa mai babur ya juya.

Kai da kanka ka kira ni ka yi mini ta'aziyya. Duk da haka, a takardarka yana cikin waɗanda suka tsira. Da na yi maka magana a waya, cewa ka yi abin da ke rubuce kawai kake bi. Haba Yaya! Mu nawa ne muka binne a gida, daga Babura har Kazaure, asibiti bai sani ba? Idan manya suka karanta wannan, cewa za su yi komai lafiya, gobe a sake sallamar wata a kwana na uku.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Kai ne ka koya mini lissafi a tsakar gida da ƙwayar gyaɗa, na san ba ka son kuskure. Kafin ka miƙa aikin nan, ka zo gida ka bi waɗanda aka sallama, ka tambayi iyayensu mata. Ka fara da ni.

Akwai abin da ban taɓa iya faɗa maka ba. Bai kai ranar suna ba, amma babansa ya riga ya yi masa huɗuba, kuma da sunanka ya yi.

Allah Ya sa mai ceto ne, Ya raya na baya, Ya ba ka ikon gyarawa.

Ƙanwarka,
Hadiza