Da sunana ya cike fom na biyu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Ɗan wan babana ya ci mini gurbin jami'a shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, yau kuma abin ya dawo kan ɗana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mutumin Karare ne ta Batsari, shi kuma a Runka ya tashi, Yaya nake ce masa don ya girme ni da shekara biyu, amma aji ɗaya muka gama sakandare. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowace jami'a fom ɗinta daban, kai za ka aika mata. Sai shugaban makarantarmu ya kafa doka, duk mai son a tura takardunsa da wuri jami'a ɗaya zai zaɓa, wanda aka kama da biyu ya rasa duka. Yaya yana son biyu don tsoron kada ɗaya ta ƙi shi. Ni kuma shekarar ba zan nema ba, Baba na kwance, ba mai duba shanu.

Ya same ni ya ce in ba shi aron sunana. Zamanin ba wani bincike, sunanka da na garinku kawai, sai hoto. Ya cike fom na biyu da sunana, ya manna hotonsa, ya je intabiyu a matsayina. Duka biyun suka ɗauke shi, ya tafi wadda take da sunansa, ɗayar ko wasiƙa bai rubuta musu ba. Da shekara ta zagayo na nemi ita wannan ɗin, don ita kaɗai sakamakona zai iya shigar da ni, suka amsa cewa an ba ni gurbi bara na wulaƙanta, ba sa ba mutum sau biyu. Na kai wa shugaban makaranta kuka, ya ce in na ɗaga maganar hoton da ke fayil ba nawa ba ne, mu biyun za a soke wa takardu. Na bar maganar. Na ƙare a ma'aunin gyaɗa, daga nan masinja a ofishin gona har na yi ritaya. Shi kuwa sai da ya zama babban darakta.

Ga inda kunyar take. 'Ya'yana sun taso suna jin ina cewa sace mini suna ya yi ban sani ba. Ƙarya nake. Da hannuna na sa hannu a fom ɗin, ya ba ni rediyo mai batir huɗu, na yi wata guda ina yawo da ita a kafaɗa a kasuwar Batsari ina jin ni wani ne. Ko uwarsu ban taɓa gaya wa ba.

Sati biyu da suka wuce muka haɗu a sunan jikan ƙanwarmu a Safana. Autana ya gama sakandare da sakamako mai kyau, likita yake son zama. Yaya ya kira shi gaban mutane ya ce ya kawo takardunsa, shi zai zaɓa masa makaranta, ya zauna gidansa a Katsina ya yi karatu. Wallahi na san da alheri ya faɗa. Amma jin kalmar takardu daga bakinsa sai kaina ya ɗau zafi. Na gaya masa baƙar magana gaban jama'a, shi kuwa bai tona zancen rediyo ba, ya sa takalminsa ya shiga mota. Wannan shirun nasa ya fi mari ciwo.

Yanzu saura kwana tara a rufe rajistar neman shiga jami'a. Yaron yana gaishe ni da safe kansa a ƙasa, ya daina cin abinci tare da ni, ni kuma ba ni da halin riƙe shi a jami'a. In na je ba Yaya haƙuri dole gaskiya ta fito, 'ya'yana su san ubansu ya sayar da karatunsa da rediyo. In na ƙi, na kashe wa yaro gaba. In je, ko in fara zaunar da yaran in faɗa musu? Ku auna da abin da na ce masa, ido cikin ido:

"Yaya, ka riƙe alherinka. Ko yaron nan zai tsufa yana bin shanu, takardar gidana ba za ta ƙara kwana a hannunka ba."