Ƙwayar Gyaɗar da Na Kai Kasuwar Mubi

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa ta girmamawa daga 'yarki Rahila, haɗe da ta jikokinki biyu. Ina fata kina hutawa a wurin Ubangijin da kika bauta wa. Mu nan Lamorde lafiya lau, damina ta yi kyau, mun kuma samu mun rufe ɗakinki da sabon kwano. Na san akwai masu leƙa wannan takarda. Su leƙa abinsu, ni da ke nake magana.

Mama, na sayi kyamara. Na san me za ki ce: “Kuɗi ya yi miki yawa ne, Rahila?” Bai yi ba. Buhun gyaɗa na sayar. Ki tsaya ki ji dalili kafin ki fara faɗa.

Kin san yadda muka rabu a shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo gari. Mun haura duwatsu da ƙafa har ƙauyen goggo a bayan iyakar Kamaru, ƙafafunki suka kumbura, kika ce ba za ki ƙara taku ɗaya ba. Kika ce, “Tafi da yaran nan Yola, ni ba inda za ni.” Na tafi, da niyyar in dawo in ɗauke ki. Kafin in dawo an binne ki. Abin da ba ki sani ba shi ne, da muka koma gida mun tarar an ƙone ɗakinki, har da akwatin da hotuna suke ciki. Ko ɗaya bai tsira ba.

Da farko ban damu da hoto ba, don fuskarki tana cikin kaina. Amma bara na zauna ina so in tuna ko tabon nan na girarki a dama yake ko a hagu, na kasa. Mama, na ji tsoro. Muryarki tana nan, faɗanki yana nan daram, amma fuskar ta fara guje mini.

Sai na tuna da Mama Rifkatu, ƙawarki ta zumuntar matan coci. Ashe hoton nan naku na ranar godiyar kaka, wanda kuka jeru ku talatin da wani abu cikin anko, ta ɗaure shi a zani ta gudu da shi, ta kuma dawo da shi. Ta bar tukwanenta, ta ɗauki hoto! Kina can ƙarshen layi, an taso ki daga wajen girki. Na ɗora ƙwayar gyaɗa a kan gilashin hoton, ta rufe fuskarki ruf. Iyakar abin da ya rage mini na fuskarki ke nan a duniya.

Na roƙe ta ta ba ni aro in kai shagon masu hoto. Kin dai san ƙawarki. Ta ce hoton da ya ƙetare dutse a ƙugunta ba zai shiga keke napep ba. Na gwada da wayata, fuskarki ta fito kamar an shafa koko a bango. Na kawo mai hoto har gida, ya haska walƙiyar kyamararsa a kan gilashin, abin ya fito fari fat, ga shi ya shiga mata ɗaki da takalmi. Ta ce ba wani baƙo da zai ƙara taka mata ɗaki. Ana cikin haka ɗanta ya aiko cewa ran Asabar zai zo ya tafi da ita Jos, ta zauna can gaba ɗaya. Ranar Talata na ji labarin.

Laraba da safe na ɗaure ƙwayar gyaɗa a bakin gyalena na shiga kasuwa.

Shagon farko wani saurayi ne mai gilashi a goshi. Ya fito mini da kyamara sabuwa fil a kwali, ja, tana ƙyalli, ya yi ta zuba mini Turanci, wai tana jawo abu daga nesa, wai daga nan zan iya ɗaukar saniya a kasuwar shanu. Na ce ni ba saniya na zo ɗauka ba. Na kwance gyale na ajiye gyaɗa a kan teburinsa, na ce ya ɗauki wannan, in ga jijiyoyin ɓawonta. Ya dube ni kamar wadda ta taɓu. Ya ɗauka sau huɗu, duk dishi-dishi. Sai ya ce wai gyaɗar ce ba ta da kyau. Kai, Mama, da kina wurin da kin wanke shi tas.

Haka na yi ta bin shaguna. Kafin azahar 'yan layin sun raɗa mini suna, mai hoton gyaɗa. Wani ya ce in kawo masara ma a yi mata fasfo. Na yi dariya tare da su, amma cikina ba dariya yake ba. Wata kyamarar tana da kyau, sai dai cajinta sai da wutar lantarki, mu kuwa tun dawowarmu wuta sai labari. Wata mai araha, mai ita ya kasa gaya mini inda ya samo ta. Na ajiye masa abinsa. Kayan mutane da yawa sun fita daga gidajensu a shekarar gudu, ba zan ɗauki fuskarki da kayan kukan wani ba.

Can ƙarshen layi na tarar da Malam Buba, dattijon nan mai gyaran rediyo da kike kai wa rediyonki. Shagonsa ya ƙone, yanzu tebur ne da lema. Na ajiye gyaɗata kawai, don na gaji da bayani. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Hoton wa ya rage miki?” Mama, nan na zauna a benci na yi kukan da ban yi a Yola ba. Bai hana ni ba. Ya ce ba ni ce ta farko ba.

Ya jawo wata tsohuwa daga jakarsa, ta hannu, baƙa, duk ta goge, murfin batirinta da roba aka ɗaure. Tasa ce tun kafin gudu, a aljihu ya fita da ita. Ƙananan batiran tocila take ci, waɗanda ko a teburin mai shayi ana samu. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai alamar fure, ya ce wannan shi ne na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, kuma sababbin ma suna da shi, yaran ne ba su sani ba. Ya ce in ina son sabuwa in koma in nuna musu. Ya danna furen ya ɗauki gyaɗata. Sai ga ta ta cika gilashin baya, kowace jijiya a fili, har da ɗan tsagin da farcena ya yi mata. Na ce ba inda zan koma, wannan nake so. Ban ma iya yin ciniki ba, ni da kika koya wa ciniki.

Ya koya mini sauran: in kashe walƙiya, in fito da hoton inuwa, in kafa gwiwar hannu a kan abu mai ƙarfi, in sa ta ƙirga goma da kanta don kada hannuna ya yi rawa.

Alhamis da hantsi Mama Rifkatu ta yarda aka fito da hoton gindin mangwaro, tana riƙe da gefensa kamar zan gudu da shi. Na kifa turmi na kafa hannuwana. Sau uku ina ɓatawa. A na huɗu kika fito.

Tabon a hagu yake, Mama.

Amma ba kyamara kike kallo ba. Kowa ya miƙe yana kallon gaba, ke kin sunkuyar da kai gefe, bakinki a buɗe, kina yi wa wani magana. Da ma na ɗauka kunyar hoto ce irin taki. Na matsa da kyamarar ƙasa kaɗan na sake ɗauka. A daidai bakin katakon da ya kewaye hoton, wurin da nake zaton ƙullin zani ne, sai ga ɗan hannu, yatsu huɗu, ya damƙe zaninki gam. Sauran jikin mai hannun bai shiga hoton ba.

Mama Rifkatu ta sa tabarau ta leƙa, ta ce, “Ke ce mana. Ran nan kin hana ta sakat. Sai cewa take, sake mini zani, Rahila, ki bari a yi hoto. Kika ƙi.”

Na ƙi, Mama. Ina 'yar shekara uku na ƙi sakinki don hoto, na girma na sake ki a bayan dutse. Na san ke kika ce in tafi. Na san yaran sun rayu saboda haka. Duk na sani, amma abin yana ci na, kuma yau na faɗa miki.

An wanke mini guda biyu manya. Fuskarki tana falo, jikokinki suna gaishe ki da safe, ƙaramar tana cewa kina mata faɗa. Na hannun kuwa yana cikin Littafina Mai Tsarki, ban rataye shi ba. Mama Rifkatu ta tafi Jos ran Asabar da hotonta a cinya. Kyamarar ba ta huta ba, don matan zumunta sun ji labari, kafin ta tafi mutum shida suka zo aka ciro musu fuskokin iyayensu daga hoton.

Allah ya ba ki hutawa, ya sa ƙafafunki sun daina ciwo. Ya saka wa Malam Buba da alheri, ya mayar masa da shagonsa. Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, kada wata 'ya ta ƙara barin uwarta a hanya. In ranar ta zo ya haɗa mu, ki shirya zaninki, don ko kin yi faɗa ba zan saki ba. Amin.

Ni ce 'yarki mai taurin kai,
Rahila
Lamorde, Mubi