Kujerar da ke cikin jirgin Habu

Juma'a da dare, Wudil

Shekara da shekaru ina faɗa, ba a kawo wa mutum akwatin kayan ɗansa a ce ya yi haƙuri, shi ke nan. Jirgin yaƙin da ɗana Habu yake tuƙawa ya faɗi a daji, gawa ban gani ba, bayani ban samu ba. Don ban yi boko ba sai a ce ba zan gane ba?

Yau Kabiru abokinsa ya zo daga Kano don ya ƙarasa haɗa jirgin yaƙin roba da Habu ya bari, mai tsawon kamu biyu. Mazaunin matuƙin da ya zo da jirgin bai yi wa Habu ba, shi ne ya yi odar wani na rezin, wata irin roba mai tauri, ƙunshin ya iso bayan an share makoki. Kabiru yana gogar abin yana jiƙawa, wai ƙurarsa tana taɓa huhu. Da ya zaunar da kujerar sai na matso. Har ɗamararta an yi, ga ta a warware, kamar yanzu mutum ya tashi.

Na ce, "Wannan ɗan zoben mai ruwan ɗorawa fa?"

Ya ce, "Baba, shi ake ja, kujera ta cilla mutum waje da lemar sauka."

"To, Habu ya ja?"

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da shafa gam.

Na lulluɓe jirgin da zane, amma ko na rufe ido kujerar nake gani. Akwai wanda ya je dajin nan, ya ga ta gaskiyar da idonsa. Ina so ya zo ƙofar gidana ya faɗa mini, ya ja ko bai ja ba?