Gurbin da Auta Ya Ajiye

Zuwa ga Kunkuru,

Bayan sallama da gaisuwa, ka yi haƙuri da na kira ka da wannan suna, shi na gani a wayar ƙanena. Ku kuna ce masa Tsinke a wasanku na intanet, mu a gida Auta. Allah ya yi masa rasuwa, yau kwana goma sha tara. Ciwon ƙoda ne, ya ɓoye mana har ya ci ƙarfinsa.

Ni kafinta ne, ba na son aikin da ba a gama ba. Lokacin da wasan ya fito, Auta ya zauna kan bencin shagona ya buɗe mini suna a ciki. Na shiga sau ɗaya, dokina ya nutse cikin ƙasa har wuya, wayar ta ɗauke. Na ce masa ko kujera ce ba zan bar ta ta fita shagona a haka ba, in an gyara ya kira ni. Ya yi ta naci, har wata rana na yi masa tsawa a gaban masu saye. Bai ƙara yi mini zancen ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ya tafi da fushina? Kada ka lallaɓa ni.

Na gode,
Yayan Auta

*

Zuwa ga ɗana Kafinta,

Amin wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Na ce ɗana don a shekaru na haife ka, malamin makaranta ne ni mai ritaya. Sunan Kunkuru kuwa aikin ƙanenka ne, saboda layina ba ya sauri.

Gaskiyarka, wasan nan a lalace ya fito. Akwai wata gada da in an taka sai ta jefar da mutum waje, ya yi rabin awa yana fama kafin ya dawo. Sai muka saba ba mai tsallakewa sai an cika. A wannan jiran muka san juna. Nan wata ta gaya mana aurenta ya mutu, nan Tsinke ya gaya mana maganar asibiti. Mun yi masa faɗa ya sanar da gida, ya ce Yaya yana da abin da ya ishe shi. Na ji kunya da na ƙyale shi, har yanzu ina ji. Da aka gyara gadar kowa ya riƙa wucewa a guje, hira ta mutu, muka watse.

Ga amsarka. Ƙungiya mutum biyar take ɗauka, mu kuwa shekara biyu mu huɗu muke shan kashi. Duk wanda muka kawo sai ya hana, ya ce, “Wurin Yaya ne, yana gama aiki zai zo.” Mun tsokane shi har mun gaji, muna cewa wannan yaya ƙofar gari yake sassaƙawa. Ban taɓa jin ya ambace ka da ɓacin rai ba. Abin da ke cikin zuciyarsa kuma, Allah ne masani.

Ka gaishe da mutanen gida.
Kunkuru

*

Baba,

Barka da war haka. Saƙonka ya iso, na karanta wa mahaifiyarmu, ta yi kuka, ta yi dariyar ƙofar gari.

Jiya na rufe shago da wuri na shiga wasan da tsohon sunana. Komai yana tafiya sumul, ni kuwa na tsani kyansa. Da ma a ce na sha wahalar nan tare da ku. A akwatin saƙo na tarar da gayyata ɗaya daga Tsinke, shekararta uku. Na danna na karɓa, aka rubuto mini cewa wanda ya aiko ta ba ya nan.

Ka sa mu a addu'a.
Ɗanka Kafinta